Tsakanin Bariki da Zaure: Tunani a Kan Ginin Masauki a Kalgo

Kalmar otel tana cikin kalmomin aro da suka shigo Hausa da ƙafar hagu. A bakin Bature ba ta nufin komai illa gidan da matafiyi zai biya kuɗi ya kwana, amma a kunnen Bahaushen da ya girme mu, in aka ce an ga wane a otel, to, an gama ɓata shi, domin abin da zai faɗo masa a rai shi ne giya da goge da matan da suka fi ƙarfin iyayensu. Haka 'yar'uwarta bariki ta sha. Da fari sunan gidan da Turawan mulki suke sauka ne in sun fito rangadi, daga baya ta haifi ɗan bariki da barikanci, waɗanda ba wanda yake so a jingina wa ɗansa. Alhali kuwa saukar baƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da zango inda ayari yake yada kaya, muna da fatoma mai karɓar fatake ya adana musu dukiya ya nemo musu masu saye, muna kuma da zaure, wanda ko wane magidanci ya san cewa rabinsa na baƙo ne. Abin da ba mu da shi a da shi ne gini na musamman, mai ɗakuna a jere da makulli da lamba a ƙofa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne wani kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya ƙudura niyyar gina irin wannan gida a Kalgo. Dalilinsa a fili yake. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, ta kuma fara zama a Kalgo, ga kuma babban asibitin jiha a nan garin, sai Kalgo ta zama garin baƙi: iyayen ɗalibai, da malaman da ake gayyatowa duba jarrabawa, da masu jinya daga nesa. Yawancinsu sai sun koma Birnin Kebbi su kwana. Kawu yana da fili a bakin hanya, yana da ɗan abin da ya tara daga cinikin shinkafa na shekaru, yana so ya yi ɗakuna goma sha biyu, ba ƙari. Wannan ɗan abin da ya tara shi ne ƙarfinsa duka, in ginin ya ɓaci ba shi da na biyu.

Babban ɗansa, wanda ya yi karatu a Kaduna, shi ya zo da hotuna a wayarsa. Ƙananan otel-otel ne na manyan biranen Turai da Amurka, irin waɗanda ake yayi yanzu, masu 'yan ɗakuna kaɗan amma an ƙawata ko wanne da kulawa, ana kuma cajin kuɗi mai tsoka saboda wannan kulawar. Mafi yawansu an shirya su ne bisa wani salo da ya yi tashe daga ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu zuwa wajen ƙarshen shekarun 1960, wanda za mu iya kira salon tsakiyar ƙarni. Alamominsa ba su da wuyar ganewa: rufi shafaffe ba tozo, layuka miƙaƙƙu, bango ba zane ba ado, tagar gilashi daga ƙasa har sama, kujeru gajeru masu siraran ƙafafu a ɗan tale, katako a bar shi da launinsa na asali, ɗaki kuma a bar masa fili ya sha iska. Masu wannan ra'ayi sun ce kyan abu yana cikin amfaninsa, duk adon da ba ya aikin komai nauyi ne kawai.

Misalin da aka fi ambata shi ne otel ɗin da kamfanin jiragen sama na SAS ya gina a Kofanhegan, babban birnin Danmak, aka gama shi a 1960. Mai zanen, Arne Jacobsen, bai tsaya ga ginin kaɗai ba, shi ya zana kujerun da fitilun da labulen, har cokula da mariƙin ƙofa. Don wannan otel ne ya zana kujerar nan mai siffar ƙwai da ake ta kwaikwayo har yau. Da aka yi ta gyare-gyare aka canza ɗakunan, sai aka bar guda ɗaya, mai lamba 606, yadda ya tsara shi. Na yarda gwani ne. Sai dai mai karatu ya tuna cewa mutumin Danmak marowacin rana yake fama da shi: rabin shekara yana neman haske ruwa a jallo, saboda haka bangon gilashi a wurinsa rahama ne. Mu kuwa a Kabi, daga Maris zuwa Mayu, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, rana ba a gayyatarta ɗaki.

Ba yau wannan salo ya fara zuwa ƙasarmu ba, kuma waɗanda suka kawo shi da fari sun fi masu kawo hotunansa yanzu tunani. Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, Turawan Ingila, su suka zana gine-ginen Kwalejin Jami'a ta Ibadan a shekarun 1950. Sun lura gilashi ba zai yi ba, sai suka sa dogayen baranda, da rumfunan kankare a kan tagogi, da bango mai huje-huje kamar rariya, wanda yake tare rana ya bar iska ta ratsa. Wanda ya ga ɗakin karatu na Ibadan ya ga wannan dabara. Amma akwai abin lura a nan. Littafin da suka wallafa a 1956 kan gini a ƙasashe masu zafi ya tsaya ne ga ƙasashe masu laima, irin Ikko da Ibadan da Ankara ta Gana. Sai a 1964 suka faɗaɗa shi ya haɗa da busassun ƙasashe, bayan sun yi aiki a Indiya, sun kuma zana kwalejin horon malamai ta Wudil a ƙasar Kano. Zafi iri biyu ne, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. A kurmi, jiki yana jiƙe da gumi, abin da ake so iska ta yi ta wucewa, don haka bango siriri da ƙofofi a buɗe. A wurinmu iskar tsakar rana ita kanta wuta ce, da hunturu kuma ƙura take ɗauke da ita. Abin da ake so a nan shi ne a rufe da rana, a buɗe da dare, a sa bango mai kauri tsakanin mutum da waje.

Duk da haka, gine-ginen gwamnati na wancan zamani, daga otel ɗin Hamdala na Kaduna da aka buɗe a farkon shekarun 1960 har zuwa ƙananan gidajen saukar baƙi na manyan garuruwan lardi, an yi su ne da sanin cewa wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Na taɓa kwana a ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙananan gidaje, ba zan ambaci garin ba. Ginin ya miƙe ne daga gabas zuwa yamma, ta yadda rana ba ta dukan dogon gefensa. Barandarsa ta kai faɗin tabarma biyu, silin ɗinsa yana can sama, daɓensa na tsakuwa ne da aka goge ya yi santsi, mai sanyi a tafin ƙafa, ga itatuwan dogonyaro sun yi masa laima. Ba wuta a daren, amma na yi barci. Bayan 'yan shekaru na koma na tarar an yi masa abin da ake kira gyara: an toshe bulo mai hujin nan da siminti, an rufe barandar da baƙin gilashi, an sauko da silin, an sare itatuwan don motoci su sami wurin tsayawa, an manna na'urar sanyaya ɗaki a ko wane bango. Janareto ya ƙi tashi a wannan dare. Da ni da sauran baƙin a waje muka kwana, bisa tabarmin da maigadi ya aro mana. Wasu ma ba su sami ko irin wannan gyara ba. Otel ɗin Durbar na Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, rushe shi aka yi a 2020.

Da na ga kawu yana neman karkata ga hotunan, sai na roƙe shi mu je Gwandu tukuna. Dangin mahaifina can suke, kuma akwai wani tsohon magini, abokin kakana, wanda ya haura tamanin, da nake so su gana.

Gwandu ba sai an gabatar da ita ga ɗalibin Hausa ba. Nan Shehu Usmanu ya zauna daga 1805, shekarar yaƙin Alwasa, kafin ya koma Sifawa. Nan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe yammacin daula, nan kuma hubbarensa yake tun rasuwarsa a 1829. Da fadar ta koma Birnin Kebbi, sai garin ya rage ba hayaniya, wannan kuwa ya taimaka wa wasu tsofaffin gidajensa suka tsira daga masu gaggawar rushewa, ko da yake bulo da kwano sun ci mafi yawa. A zauren tsohon nan muka zauna da azahar, a cikin watan Afrilu. Abin da ya fara kama kawu shi ne ya cire hularsa ya ajiye ya ce, "Baba, kamar an sa mana fanka." Ba fanka, ba taga sai 'yar ƙarama can kusa da rufi. Kaurin bangon daga ƙasa ya kusa kamu biyu, yana sirancewa in ya yi sama.

Yadda abin yake aiki ba sihiri ba ne. Ƙasa mai kauri tana shan zafi a hankali, kamar yadda randa take jinkirin ɗumama. Zafin da ya doki bangon da hantsi ba ya isa ciki sai dare ya yi, lokacin da waje ya huce, an buɗe ƙofa, mutanen gida ma sun fito tsakar gida. Kafin gari ya waye bangon ya saki abin da ya sha, ya ɗauki sanyin asuba ya riƙe wa wuni. Bulon siminti mai rami a ciki, mai inci shida ko tara, ba shi da wannan haƙuri, kwano kuwa ko minti goma ba ya yi. Wannan shi ne abin da Fry da Drew suka zo suka rubuta da Turanci bayan shekaru suna nazari, shi kuwa tsohon nan ya gaje shi ne daga ubansa, ba tare da an taɓa faɗa masa dalili ba.

Na yi ta tambayarsa sunayen abubuwa, domin a nan ne ɗalibin harshe yake da riba. Tubali dai kowa ya san shi, mai siffar ƙwai, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya. Azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika cinta ba, amma ba a yarda ta haye fiye da kimanin ƙafa shida ba tare da abin tokare ba. Wannan gajartar ita ta haifi baka, da bakan gizo, da ɗaurin guga, wato dabarun lanƙwasa azara a jere a lulluɓe da ƙasa har a rufe ɗaki mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Babban Gwani Mika'ilu, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake jiƙo ta a shafe bango don ruwa. Laso kuwa haɗi ne na katsin marina da gashin jima da dafara, shi ne simintin soro. Ga indararo mai zubar da ruwa nesa da bango, ga zanko a kusurwa. In marina ta mutu, katsi ya mutu, in katsi ya mutu laso ya bi shi, kalmar ma ta bi su. Tsohon ya ce rabon da ya haɗa laso ya manta, 'ya'yansa kuwa ba wanda ya ɗauki sana'ar.

Da aka nuna masa hotunan a waya, ya daɗe yana kallo, yana matso da ita kusa da ido. Can ya ce wa kawu, "Alhaji, wanga madubi duka, wa ka kwana ciki ga bazara?" Ɗan kawu ya ce ai akwai na'ura. Tsohon ya ce, "To, ɗana, in wuta ta tafi fa?" Amma da aka zo hoton cikin ɗaki, sai ya yi murmushi ya ce wannan kam ya san shi, ɗakin malam ne.

Wannan magana tasa ta fi komai tsaya mini a rai, domin gaskiya ce da ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Adon ɗaki a wurin Bahaushe iri biyu ne. Akwai ɗakin mace, inda jere yake mulki: da ƙore ne a kan ragaya, sai tasoshi da kwalla suka zo, sai gado mai rumfa, sai kabet da gadon fomeka, sai abin da ake yi yanzu. Manufar jere ita ce a cika ido, a nuna gatan da yarinya take da shi a gidansu, don haka bango ba ya zama fanko. Akwai kuma turakar maigida ko zauren malam: tabarma, da buzu, da buta, da gafakar littattafai a rataye, da 'yar alkuki a bango don fitila, shi ke nan. Komai yana ƙasa-ƙasa, komai yana da aikinsa, fili ya fi kaya yawa. Abin da Turawan tsakiyar ƙarni suka yi ta wa'azi a kansa ke nan. Abin mamaki, otel-otel ɗinmu na yanzu ɗakin amarya suke kwaikwayo: labule mai nauyi hawa uku, kujeru masu kumburi da ba a iya ɗagawa a share ƙarƙashinsu, kafet mai tara ƙurar hunturu, silin mai fitilu kala-kala. Baƙon da ya kwaso gajiya daga Zuru ko Yawuri ba jere ya zo gani ba.

Akwai wurin da salon nan da al'adarmu ba za su taɓa jituwa ba, shi ne sha'anin kunya. Gidan gilashi waje yake kallo, yana kuma so a kalle shi. Gidan Bahaushe ya juya wa titi baya. Daga zaure sai shigifa, ƙofofin ma ba sa fuskantar juna, don kada idon mai wucewa ya zarce ciki. Mutumin da ya kawo matarsa asibiti, ko uwar da ta rako 'yarta rajista, ba za su sake ba a ɗakin da ake hango su daga bakin hanya. In kuma ana so a wanke wa kalmar otel dattin da na ambata da fari, ba da fenti za a wanke shi ba, sai da tsarin gini: wurin zaman maza daban a gaba inda kowa yake ganin kowa, ɗakunan iyali a ciki, wurin alwala a sarari, bayi kuma a kula kada ya fuskanci alƙibla.

Kada a ce na zo yi wa ƙasa kirari. Ginin ƙasa yana da wahalarsa, wanda ya taɓa kwana yana tarar ɗigo da kwano a watan Agusta ya sani. Yana son yaɓe duk shekara, in aka yi sakaci damina biyu sai ya zauna. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Ga ambaliya irin ta 2020 da ta cinye gidaje da gonakin shinkafa a Kabi. Ga kuma abin da ya fi duka wuyar magani, wato raini: baƙon da zai biya kuɗi yana iya cewa bai bar gidan ƙasa a ƙauyensu don ya zo ya biya a sa shi a wani ba. Kawu ya faɗi wannan, kuma ɗan kasuwa ne, ya fi ni sanin masu saye.

Amma a ƙetaren iyaka, cikin ƙasar Tawa ta Nijar, 'yan'uwanmu Hausawa sun nuna cewa ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. A garin Yama, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, wato shekara biyu kacal bayan otel ɗin Kofanhegan, ya yi ta ƙara masa sababbin siffofi da ba a gada ba, har ya sami lambar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Shi ma ginin tsakiyar ƙarni ne, ko da yake ba a sa shi a wannan lissafi. A Dandaji kuma, a 2018, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka mai da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin jar ƙasa da aka matse da inji, wanda ya fi na hannu ƙarfi da jure ruwa. Layukansa miƙaƙƙu ne, ba tarkace, kowa ya gani ya san na zamani ne, amma ƙasar wurin ce. A 2022 aka ba Francis Kéré, mutumin Burkina Faso, lambar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a wannan fanni, kuma da makarantar ƙasa ta ƙauyensu Gando ya fara suna.

Abin da aka tsayar a ƙarshe bai gamsar da kowa duka ba. Ɗan kawu ya sami shafaffen fuskar gini da yake so, da gajerun kujerun katako, waɗanda wani kafinta a Birnin Kebbi ya ce zai yi da maɗaci. Kawu ya dage sai an yi harsashi da ginshiƙai da kankare, kuma ya yi daidai. Ni na samu an juya ginin ya miƙe gabas da yamma, ɗakunan su kewaye tsakar gida, a yi baranda mai faɗi, a bar itatuwan da ke filin, a shimfiɗa tabarmin kaba, a ajiye tumtum na jar fatar Sakkwato maimakon kafet da kushin. A kan bango ne aka kasa daidaitawa. Kawu ya ce ɗakuna goma za a yi da bulo yadda kowa yake yi, biyu na ɓangaren yamma, inda rana ta fi duka, a yi su da matsattsen tubalin ƙasa mai kauri, in an samo injin. Ya ce zai rataya ma'aunin zafi a ɗaya na bulo da ɗaya na ƙasa, ya riƙa rubutawa da azahar da tsakar dare tun daga farkon Maris har ruwa ya sauka, ya kuma lura da wanda baƙi suke sake nema in sun dawo. Tsohon Gwandu ya yi alkawarin zuwa ya duba kwaɓin ƙasar, in an aiko masa da mota.